KUƊIN BURSIN JAMI'A: INA RABON ƊAN MAKIYAYI DA ƊAN FALKE?



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga ardo-ardo, da iyayenmu masu gidaje na Zango, da dillalai, da fatake, da 'yan'uwa makiyaya duk inda wannan takarda ta iske ku, tun daga Sinkase har bakin teku, muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a masallaci bayan salla ko a rumfar kasuwa. Batun da muka ɗauko yau shi ne kuɗin da gwamnati ke ba ɗaliban jami'a, wanda ake kira bursi, da yadda ake samunsa, da kuma dalilin da ya sa yake wuce 'ya'yanmu kamar hadarin kaka.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, wata ranar Laraba bayan La'asar wani dattijo, falken shanu da kowa ya san shi da gaskiya, ya iske mu a ɗan ofishinmu na nan Bè, ɗansa na biye da shi riƙe da leda cike da takardu. Yaron ya ci bak na biyu da maki 13 cikin 20, kuma shi ne na farko a zuriyarsu da ya taɓa kaiwa nan. Bijimi biyu uban ya sayar a shekarun lise. Muka yi masa barka, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, barkar nan ta zo da ƙaya. Ku duba mini takardun nan, an ce ba su cika ba." Muka ce, "To Baba, kawo mu gani."

Da muka baje su a tabarma sai muka ga inda gizo ke saƙa. Takardar haihuwar yaron ta kotu ce, an yi ta yana shirin jarrabawar gama firamare. A cikinta an rubuta sunan uban da wasu haruffa, a katin uban kuma an rubuta shi da wasu. Garin da aka ce an haifi uban a wannan takarda dabam, a waccan dabam. Saboda haka takardar shaidar ɗan ƙasa ba ta fito ba, in kuwa babu ita babu bursi. Kafin a gyara wannan a gyara wancan, lokacin ajiye takardu ya wuce. Yaron da ya kamata a ce yana aji, ya ƙare shekarar yana sauke shanu daga mota a kasuwar Adetikope. Bana ya sake nema, muna yi masa addu'a. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

KUƊIN WANE NE?

Da farko mu kawar da wata magana da muke ji a bakin wasu dattawanmu, wai mu ba ma cin kuɗin gwamnati, wai karɓarsa bara ne. Wannan kunya ce da ba a wurinta take ba. Tun zamanin jangali kakanninmu ke zuba kuɗi a baitulmali. Yau ma babu saniyar da za ta taso daga Dapango ko Mango ta iso mahautar Lome ba a biya mata kuɗin kasuwa da kuɗin likitan dabbobi da na hanya ba. Falke na biyan fatanti, mai mota na biyan nasa, kowa ya sayi litar mai ko buhun dusa ya biya haraji ko bai sani ba. Daga wannan rumbu ake ɗibar bursi. Ashe ke nan in ɗanka ya karɓa, nonon saniyarka ya sha. In kuma ya rasa, to ka yi kiwo ne wani ya tatsa.

Jami'ar gwamnati ta farko a ƙasar nan an kafa ta a 1970 da sunan Jami'ar Benin, aka sake mata suna Jami'ar Lome a 2001. Ta biyu, Jami'ar Kara, ta buɗe ƙofa a 2004. Duk tsawon wannan lokaci iyayenmu hankalinsu na wani wuri. A 1977 aka rushe tsohon Zango na tsakiyar birni, aka kwashe jama'a zuwa wajen Agwe, kowa na fama da inda zai kafa bukka. Mu da muke cikin shekaru arba'in da ɗoriya yanzu, muna firamare aka shiga dogon yajin aikin da ya fara a Nuwamban 1992 ya ɗauki watanni, makarantu suka tsaya. Da aka koma, da yawanmu mun riga mun kama igiyar shanu. Sai kuma a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafi da riga suka gagari talaka. A nan karatunmu ya tsaya. Ba mu faɗi wannan don neman tausayi ba, mun faɗa ne don ku san wanda ke yi muku wannan bayani shi ma tambaya ya yi, ya zauna da ɗalibai, ya sa aka karanta masa sanarwa har ya gane.

YADDA ABIN YAKE TAFIYA

A ƙarƙashin ma'aikatar ilmi mai zurfi akwai ofishin da ke kula da wannan sha'ani, sunansa Direction des Bourses et Stages, ɗalibai na ce masa DBS. Taimakon iri biyu ne. Akwai bursi sosai, wanda ya fi tsoka. Akwai kuma kuɗin agaji, wanda ya fi ƙanƙanta, shi ne mafi yawan ɗalibai ke samu. Dukansu kyauta ne, ba a biya daga baya. Tsarin da ake bi ya samo asali ne daga gyaran da aka yi a 2011, shekarar da ɗaliban Lome da na Kara suka yi ta bore a kan wannan kuɗi da sabon tsarin karatu, har aka rufe jami'o'in biyu na wani lokaci a watan Disamba, kafin a daidaita da shugabannin ɗalibai a Janairun 2012. Wato abin da muke rainawa, wasu sun sha hayaƙi mai sa hawaye a kansa.

Ƙofa uku yaro zai wuce kafin ya samu. Ta farko ita ce takarda. Bursin ƙasa na ɗan ƙasa ne, kuma a ofis bakinka ba ya shaidarka, ko da a Zango aka yanke cibiyar kakanka. Takardar shaidar ɗan ƙasa ake so, wadda ake kira nasiyonalite, ita kuma ba ta fitowa sai da takardar haihuwar yaro da hujjar cewa mahaifi ko mahaifiya ɗan ƙasa ne. Tsohon kundin tsarin mulki na 1992 ya bayyana cewa yaron da ubansa ko uwarsa ke ɗan Togo, shi ma ɗan Togo ne. Mata ku lura da wannan, domin akwai gidajen da uba baƙo ne amma uwa na da takardunta cif, sai a zauna ana kuka alhali mabuɗin na cikin adakarta.

Ƙofa ta biyu ita ce shekarun haihuwa. Akwai iyakar da in yaro ya wuce ta a lokacin da ya ci bak, ba a duba shi, komai ƙoƙarinsa. Wannan ƙofa ita ta fi cin 'ya'yan ruga. Yaron birni yana shekara 6 an kai shi aji ɗaya. Namu sai ya bi maruƙa har shekara 9 ko 10, sa'an nan a tuna da boko. Firamare shekara 6 ce, kolej 4, lise 3, jimla 13 in bai maimaita aji ko ɗaya ba. Ku yi lissafi da kanku: wanda ya shiga yana da 6 zai fito yana da 19, wanda ya shiga yana da 10 zai fito yana da 23, in ya maimaita sau biyu saboda tafiyar rani ya kai 25. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ƙofa ta uku ita ce maki. Ana auna sakamakon bak bisa 20. Daga 10 zuwa ƙasa da 12 an ci ne kawai. Daga 12 an ci da ɗan kyau, daga 14 an ci da kyau, daga 16 kuwa an ci da kyau ƙwarai. Wannan daraja ita ake kira mansiyo. A taƙaice, mai mansiyo mai kyau shi ake duba wa bursi, wanda ya ci da ƙyar kuma sai ya sa rai da kuɗin agaji. Ana fitar da sanarwa kowace shekara mai ɗauke da sharuɗɗa da ranar buɗewa da ranar rufewa, kuma yawancin rajista yanzu ta intanet ake yi, a waya ko a kwamfuta. Ranar rufewa ba ta san Alhaji ba, ba ta san Ardo ba. Kuɗin ma ba a hannu ake miƙawa ba, ta asusun yaro yake zuwa, kashi-kashi a cikin shekara.

Samun kuɗi a shekarar farko ba shi ne ƙarshen magana ba, riƙe shi ya fi wuya. Jami'o'inmu na bin tsarin da ake kira LMD. Digirin farko, wato lisansi, shekara 3 ne, masta 2, dokta 3. Kowane darasi da yaro ya ci ana rubuta masa wani awo da ake kira kiredi. Rabin shekara kiredi 30 ne, shekara 60, lisansi gaba ɗaya 180. Kamar dai yadda ake ƙirga garke da yamma a ga ko an dawo cikakke, haka ake ƙirga kiredin yaro a ƙarshen shekara. In ya tara abin da aka gindaya, a sabunta masa. In ya gaza, bursi ya koma agaji ko a yanke baki ɗaya. Mai agaji kuma in ya dage ya tara da yawa, yana iya hawa sama.

A nan ne mu iyaye muke yin ɓarna ba mu sani ba. Layya ta ƙarato, raguna sun cika gari, sai a aika wa yaro cewa ya zo ya riƙe littafin ciniki kwana goma, tunda shi ne mai boko. Ko a ce ya raka mota zuwa Sinkase ya dawo. Yaro ba ya iya ce wa ubansa a'a, kuma mun yaba da wannan tarbiyya. Amma kwana goman nan wataƙila su ne na jarrabawa. Ribar ragon ta ƙare kafin Muharram, kiredin da ya rasa kuwa ya jawo masa asarar kuɗin shekara guda. Kafin ku kira ɗalibi, ku tambaye shi, "Yaushe ne jarrabawarku?" Tambaya ce ta numfashi ɗaya.

Kada kuma wani ya ɗauka in an sami kuɗin nan an huta. Mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 jika 52 da rabi ne a wata, kuɗin agajin ɗalibi kuwa bai kai rabin wannan ba. A ciki zai ci abinci, ya biya zemijan ko bas, ya buga takardun darasi, ya sa kati a waya. Akwai cibiyar kula da jin daɗin ɗalibai ta Lome, COUL, mai ɗakunan kwana da gidan abinci mai rahusa, amma ɗakunan ba su kai yawan masu nema ba. Yaron da gidansu ke Bè ko Zango yana da inda zai kwana. Wanda ya zo daga ruga a arewa fa? Sa'an nan kashin kuɗin kan yi jinkiri wani lokaci, ciki kuwa ba ya jira. Don haka bursi ruwan rijiya ne, sai da ruwan ciki ake jansa.

'YA'YAN BAƘI DA KARATUN WAJE

Da yawa a cikinmu asalinsu Nijar ne, ko Burkina, ko Nijeriya, ko Gana, kuma takardun can suke riƙe da su. Su ma akwai abin da ya kamata su sani. Ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe takwas masu kashe sefa a yammacin Afirka, ta fitar da umarni a 2005 cewa ɗalibin kowace ƙasa a cikinta ya biya kuɗin jami'ar gwamnati daidai da ɗan gida. Nijar da Burkina da Benin da Mali suna ciki, Nijeriya da Gana ba sa ciki. Amma wannan kuɗin rajista kawai ya shafa. Bursi kowa ƙasarsa zai nema. Ɗan Nijar ofishinsa shi ne ANAB a Yamai. A Nijeriya kuwa an bi wata hanya dabam: dokar da aka sa wa hannu a 2023 aka sake ta a 2024 ta kafa asusun NELFUND, wanda ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati na ƙasar bashi marar ruwa. Ana biya wa yaro kuɗin makaranta kai tsaye, kuma sai shekara 2 bayan ya gama bautar ƙasa ake fara karɓa. Ku rarrabe tsakanin kyauta da bashi kafin yaro ya sa hannu a kowace takarda.

Akwai kuma guraben da ƙasashe irin su Maroko, Aljeriya, Sin, Rasha da Turkiyya ke bayarwa, waɗanda sukan so maki mai yawa da fasfo a hannu. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda shi ma yana da shirin tallafa wa ɗalibai. A Dakar akwai makarantar likitancin dabbobi ta haɗin gwiwar ƙasashe, EISMV, wadda aka kafa a 1968, Togo na cikin masu ita. A Jami'ar Lome akwai babbar makarantar aikin gona, a Tove kusa da Palime ma akwai makarantar horon aikin gona. Ku gaya mana, wa ya fi cancantar zama likitan shanu irin yaron da ya san ciwon huhu da sammore da boru tun yana goye? Sai dai mu ja kunnenku: duk wanda ya zo ya ce ku ba shi jika ɗari biyu zai samo wa ɗanku bursin waje ta bayan gida, ku riƙe kuɗinku. Sanarwar gaskiya a fili ake yin ta. Masu yara a makarantun Arabiyya da Faransanci kuma, ku tambayi shugaban makaranta tun yau ko yana kai yara jarrabawar gwamnati, domin da bak ake shiga wannan layi.

MASU CEWA BA AMFANI

Mun san abin da wasu za su ce, domin mun sha jinsa a kasuwa. Za su ce ga masu digiri can suna tuƙa zemijan a bakin kasuwar Bè, alhali yaron da ya tsaya a kan shanu ya yi aure ya gina gida. Wannan gaskiya ne, ba mu musa ba, aikin ofis ya yi ƙaranci. Amma ku dubi wani gefen. Ranar da shanu suka shiga gona aka kai ƙara, wa ke karanta mana abin da aka rubuta kafin mu dangwala yatsa? Tun 1998 ƙungiyar Sedeyawo ta yi ƙa'idar tafiyar shanu tsakanin ƙasashe, da takardar shaidar da makiyayi zai riƙe. Mu nawa ne muka san abin da ke ciki? Duk taron da za a yi a kan burtali da mashaya da kuɗin shiga, da Faransanci ake yinsa, a kan takarda ake yanke hukunci, mu kuwa muna zaune a baya muna jiran tafinta. Ba mu ce kowane yaro ya bar sanda ya ɗauki alƙalami ba. Garke na bukatar mai kiwo. Amma gidan da ke da 'ya'ya takwas, in ya saki biyu su yi nisa, shida ɗin da suka rage su ma sun sami garkuwa.

Wasu kuma tsoronsu tarbiyya ne, musamman a kan 'ya'ya mata. Wannan tsoro na iyaye ne na ƙwarai. Maganinsa shi ne a san inda yarinya ke kwana, a san wa ke kula da ita, ba a cire ta tana aji uku na kolej ba. Sharuɗɗan bursi ba su hana mace ba. Kuma duk wanda ya taɓa kai matarsa asibiti tsakar dare, ya tsaya yana neman wadda za ta ji Fillanci ko Hausa bai samu ba, ya san amfanin ungozoma da likita daga cikinmu.

KIRA GA HUKUMA

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun yaba da soke kuɗin makarantun firamare na gwamnati a 2008, da ɗauke kuɗin kolej da lise na gwamnati a 2021, da mayar da takardar haihuwa kyauta tun Janairun 2022. Waɗannan sun rage wa talaka nauyi. Amma ma'aunin da ke duba maki da shekaru ba ya ganin nisan da yaro ya taso. Wanda ya sami 11 yana karatu da fitilar waya a bukka bayan ya dawo kiwo, da wanda ya sami 13 da malamin gida da lantarki, ba tsere ɗaya suka yi ba. Muna roƙo a ware wani kaso da za a riƙa bayarwa bisa halin gidan da yaro ya fito, a kuma sassauta iyakar shekaru ga waɗanda aka sa makaranta a makare. Muna roƙo a riƙa kawo zaman kotun yin takardun haihuwa a kasuwannin shanu ranar da kasuwa ke ci, inda za a iske mutanenmu a tare. Muna roƙo a riƙa karanta sanarwar bursi a rediyo da Hausa da Fillanci kamar yadda ake karanta ta allurar shanu. A kuma tuna da yaran jihar Savanes, inda aka sa dokar ta-ɓaci ta tsaro tun Yunin 2022, waɗanda wasunsu suka bar garuruwansu ba tare da takarda ko ɗaya ba.

NAMU AIKIN

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk jaririn da aka haifa, a kai sunansa ofishin magajin gari cikin kwana 45, kada a jira sai an je kotu. Ranar suna a yanka rago, kashegari a je a yi takarda. A zaɓi rubutun suna guda ɗaya, na yaro da na uba da na uwa, a riƙe shi a kowace takarda har abada, kuma kafin a bar gaban magatakarda a sa wani ya karanta abin da ya rubuta. A sa yaro makaranta yana shekara 6. Ranar da ya ci BEPC a fara neman nasiyonalite, shekara 3 na lise sun isa a gyara duk wani kuskure. Takardu na asali a ajiye su inda ruwa da gara ba sa kaiwa, a riƙa yawo da kwafi.

Sai babbar shawarar da muke so a tattauna a taronmu mai zuwa. Fulani na da al'adar habbanaye: wanda ya rasa garke, ɗan'uwansa ya ɗaura masa saniya, ya riƙe ta har ta haihu sau ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon al'adar wuri, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Masu gidajen Zango su ma haka suke ɗaukar yaro, su ba shi jari kaɗan-kaɗan har ya tsaya da ƙafarsa. Ashe tun kafin a gina jami'a mun san bursi. Me zai hana mu yi habbanayen karatu? Ga misali: in aka ɗora dala 20 a kan kowane kan shanu da aka sayar, kuma aka sayar da 500 a mako, an sami jika 50 ke nan. A shekara ya zama sefa miliyan 2 da dubu 600, wanda zai ba ɗalibai 20 jika 130 kowannensu. Da shi za a biya kuɗin rajista, a riƙe yaro a watannin da kashin gwamnati bai sauka ba, a kama wa na ruga ɗaki. Wanda ya gama ya sami abin yi, ya mayar da uwar saniya don na baya.

Mun san abin da ya kashe asusu da yawa a baya, shi ne rashin amana. Don haka muna ba da shawara kuɗin ya zauna a banki, kada ya fita sai da sa hannun mutum uku, Bafulatani da falke da limami, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Batun ko zakkar shanu na iya shiga wannan asusu, malamai muka bar wa su yi mana bayani. Kafin nan, kowane ardo da kowane mai gida ya kawo mana sunayen yaransa da ke lise, maza da mata, da irin takardun da kowa ke da su. Ɗalibanmu da ke jami'a sun yarda za su riƙa zama a ofis ranar Asabar da hantsi don duba takardu da cika rajista, ba tare da karɓar ko dala ba.

Dattijon nan da muka ba ku labarinsa, da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Da na san harafi ɗaya zai ci mini bijimi biyu, da na tsaya an karanta mini." Muka ce, "Baba, ba kai kaɗai ba ne, dukanmu haka muka yi." In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya raya mana zuriya, ya albarkaci dukiyarmu, ya ba ƙasa zaman lafiya, amin. Wassalam.

Daga sakataren reshe, Bè, Lome.